Tsohuwar Mota a Ƙasar Arewa: Matsalolinta da Abin da Gyaranta Ke Ci

A kan babbar hanya ta ɗaya ta Nijar, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, manyan motocin safa na zamani ne suka fi ɗaukar ido, amma da zarar an bar kwalta an shiga hanyoyin birji da na yashi da ke haɗa ƙauyukan Dallol Mawri da kasuwannin Matankari da Tibiri, sai a tarar tsofaffin motoci ne ke ɗauke da gero da wake da dankalin turawa da tumaki da masu su. Da yawa daga cikinsu sun girmi direbobinsu, kuma sanin abin da ke lalacewa a jikinsu, da dalilin lalacewarsa, shi ne ke raba mai mota da ke samun riba da wanda motarsa ke cinye jarinsa.

A Amurka da Turai, motar da ta kai irin waɗannan shekaru kayan marmari ce, ana ajiye ta a inuwa, ana fito da ita ranar baje koli. Chevrolet da Ford da Cadillac na shekarun 1950 da 1960 suna da daraja a can, sai dai a wannan yanki ba su yi jama'a ba, kuma dalilan a fili suke: injinsu mai tukwane 8 yana shan mai fiye da kima, kusoshinsu an auna su da inci alhali sifanun makanikan Nijar na milimita ne, sannan kowane ɗan ƙarfe sai ya ƙetaro teku. Akwai kuma matsalar man fetur mai dalma, wanda aka ƙera yawancin waɗannan injina dominsa, aka kuma daina sayar da shi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, ga shi kuwa rashinsa yana cinye mazaunin bawul, wato ƙofofin da ke shigar da mai da fitar da hayaƙi a kan injin. Ko a Kuba, inda takunkumin Amurka tun farkon shekarun 1960 ya tilasta wa mutane riƙe irin waɗannan motoci, da yawansu jikin ne kawai na asali, injin dizal na wata ƙasa ne a ciki.

Tsohuwar motar da ta yi jama'a a ƙasar Hausa ita ce Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita shekaru masu yawa bayan Turai ta daina. Tsayin cikinta daga ƙasa, da taushin sifirinta a kan gargada, da sauƙin injinta wanda makanike zai kwance ya mayar ba tare da kwamfuta ba, su ne suka sa ita da tsofaffin Toyota Hiace da Land Cruiser suka daɗe a kan hanya.

Babban abokin gabar waɗannan injina shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Dogon Dutsi yakan wuce digiri 40, kuma motar da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinta tana jan yashi da ƙaramar giya, wato injin yana aiki tuƙuru alhali iskar da ke sanyaya shi kaɗan ce. Lagireto, tankin da ruwan injin ke bi domin ya huce, yakan toshe da gishirin ruwan rijiya da tsatsa, domin ba kowa ke sayen ruwan sanyaya na musamman ba. Idan injin ya tafasa, kansa na alminiyam yana lanƙwasewa, gasket ɗin da ke tsakanin kai da gangar jiki ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai, daga nan kuma aikin da wanke lagireto da sabon fanbel za su hana ya koma sauke inji gaba ɗaya. Al'adar cire tamostat, ɗan makullin da ke daidaita zafin ruwa, da sunan wai ƙasar zafi ba ta bukatarsa, ɓoye ciwo ce kawai, domin toshewar tana nan inda take.

Ƙura tana biye da zafi. Ƙurar hunturu da ta jan birji suna cika matatar iska, kuma idan aka kakkaɓe ta aka mayar har ta yage, ƙasa tana shiga tukwanen injin tana goge fistin da ringi, sai mota ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi. Kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya ƙone, yana da ƙananan ramuka da ɗan datti ke toshewa, kuma man kwalba da ake sayarwa a bakin hanya, wanda ya daɗe yana shigowa daga Sakkwato da Kebbi cikin jarkoki, ba kullum yake da tsabta ba. Roba kuwa rana ce ke kashe ta: tiyon ruwa da na mai suna tsagewa, rigar wayoyin lantarki tana bushewa tana farfashewa, kuma haɗuwar ɗigon fetur da tartsatsin waya ita ce asalin gobarar tsofaffin motoci da dama. Tsatsa ba ta da ƙarfi a busasshiyar ƙasa irin wannan, sai dai motar da ta yi shekaru a kan titunan Turai da ake barbaɗa wa gishiri lokacin sanyi takan iso da ruɓaɓɓen ƙasan jiki a ƙarƙashin sabon fenti.

Kuɗin gyara kashi uku ne, kuma mafi ƙanƙantarsu shi ne ladan makanike. Na biyu shi ne kayan gyara, wanda farashinsa ke bin al'amuran da ba su da alaƙa da gareji. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya ninka kuɗin duk abin da ake sayowa daga Faransa, abin da ya ƙara karkata masu mota ga kasuwannin Najeriya, irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da kuma kayan da aka ciro daga matattun motoci. Cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 ya kawar da arahar man kwalba, sannan rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya tsayar da hanyar Kwatano, wadda motocin hannu da kayansu suka saba bi. Kashi na uku, wanda masu mota ba su cika lissafawa ba, shi ne kwanakin da mota ke kwance ana jiran wani ƙarfe daga Yamai ko Sakkwato, ranar kasuwa ta wuce, direba da yaran mota kuma sai sun ci abinci.

A nan ne jabun kaya ke samun shiga, domin mai motar da ke cikin ƙunci yakan zaɓi mafi araha, ga shi kuma araha ba ta ado: ringi ko famfon ruwa na jabu yana sa a biya ladan kwance inji sau biyu. A inji asarar ta kuɗi ce, amma a birki da sitiyari da taya ta rai ce, domin motar kasuwa mutane take ɗauka har a saman kaya. Zuba ruwan sabulu a madadin man birki, da ɗaure sandar sitiyari da robar taya, da sa tayar da ta tsufa a ajiya ko da zanenta bai goge ba, abubuwa ne da babu talaucin da zai halatta su. Wajibi ne shugabannin tasha da ƙungiyoyin direbobi na Dogon Dutsi da Tibiri su hana lodi ga duk motar da birkinta da sitiyarinta ba su da lafiya, komai kusancin mai ita da su.