Ƙwayar hawan jini da saƙon "likitan" WhatsApp

Wani saƙon murya yana ta yawo a wayoyin mutanen Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, wai nasiha ce ga masu kula da iyaye. Mai maganar ya kira kansa likita, amma ko sunansa bai iya faɗi ba. Ya ce kada tsoho ya sha ruwa bayan magariba. Shirme ne, tsufa ma rage jin ƙishirwa yake yi, sai an riƙa miƙa wa tsofaffi ruwan. Ya ce a tura lambar BVN don karɓar tallafin tsofaffi. Wannan damfara ce.

Inda ya yi ɓarna shi ne da ya ce ƙwayar hawan jini tana cinye ƙoda, a watsar da ita a koma zoɓo.

Ya juya maganar ne. Hawan jinin da aka bari ba magani shi ke lalata ƙananan jijiyoyin ƙoda a hankali, shi ne kuma kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki. Ƙwayar ba ta warkarwa, danne jinin take yi. In aka daina sha sai ya sake hawa, sau da yawa ba ciwon kai ba jiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu cutar ba su san suna ɗauke da ita ba. Don haka "Baba ya ce ya ji sauƙi" ba hujja ba ce, sai an auna. In awo yana kai 140/90 ko sama a kai a kai, da sauran aiki.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Amlodipine kan kumbura ƙafa, mai kumburin ƙafa kuwa ƙoda zai fara zargi. Maganin wannan a koma wurin ma'aikacin lafiya ya rage ko ya canza. Lisinopril kuma ana son a riƙa gwajin ƙoda lokaci-lokaci. Ga tsadar magani, ga hanyar Gusau da 'yan bindiga suka sa ake shiga da fargaba. Duk wanda ya ce maka waraka tana cikin tulu, dole ka saurare shi.

Zoɓo fa? Wasu gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan saukar da jini, amma ƙanana ne, kuma ba su nuna yana maye gurbin ƙwaya ba. A sha, ba tulin sukari.

Abin takaici, ƙwayoyin da ke taɓa ƙoda da gaske "likitan" bai ambace su ba: diclofenac da ibuprofen da ake sayo wa Inna a kemis kullum saboda ciwon gwiwa. Suna ma ƙara hawan jinin. A nan ya kamata 'ya'ya da jikoki su sa ido, sai kuma tukunyar miya, domin gishirin yini bai kamata ya kai giram 5 ba, har da wanda ke cikin dunƙule.