Shin Laozi ya riga masana kimiyya sanin kwantum?

Magana ce da ta daɗe tana yawo, yanzu kuma bidiyoyin wayar hannu sun ƙara mata ƙafa. Wai abin da masana suka gano a ƙarni na 20 game da kwantum, wato ilimin halayyar ƙwayoyin zarra da haske, Laozi na ƙasar Sin ya riga ya faɗe shi fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Wai kuma kimiyya ta tabbatar da cewa tunanin mutum ne ke samar da abin da idonsa ke gani. Akwai tsaba a cikin maganar, amma ƙaiƙayi ya fi yawa, sai an sheƙe.

Tsabar ita ce wannan. Niels Bohr, ɗan ƙasar Denmak kuma ɗaya daga cikin iyayen wannan ilimi, da aka ba shi lambar girma mai suna Lambar Giwa a 1947, ya zaɓi da'irar nan mai rabi baƙi rabi fari, yin da yang, ya sa a tambarinsa. Haka kuma a 1975 Fritjof Capra, masanin fiziks ne na gaske, ya wallafa littafin The Tao of Physics, wanda ya yi kasuwa sosai. Sai dai a lura da shekaru. Bohr ya gabatar da ra'ayinsa cewa siffofi biyu masu karo da juna kan cika juna a birnin Komo na Italiya a 1927, bai taka ƙasar Sin ba sai 1937. Gwaji ne ya tilasta masa wannan ra'ayi, domin haske yakan nuna halin igiyar ruwa a wani gwajin, ya nuna halin ƙwaya a wani. Alamar ta zo daga baya, ya ga ta dace, ya ɗauka.

Shi kuwa Dao De Jing, littafin da ake jingina wa Laozi, babi 81 ne, haruffa kusan 5,000. Ina ganin girmansa ƙwarai. Yana magana kan tawali'u, da mulkin da ba ya takura wa talaka, da yadda ruwa mai laushi ke cin dutse. Babu lissafi ko ɗaya a cikinsa da zai gaya maka inda ilektiron zai sauka, kuma ba don haka aka rubuta shi ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne batun "mai kallo", wato wai kallon mutum ne ke canza sakamakon gwaji. Ga yadda gwajin yake: ana harba ilektiron ɗaya bayan ɗaya zuwa ga wani shamaki mai tsaga biyu. A allon da ke baya sai ratsi-ratsi su fito, kamar igiyoyin ruwa biyu sun haɗu a kududdufi. Idan aka ɗora na'urar da ke gano tsagar da kowane ya bi, ratsin sai ya ɓace. Na'urar ce ta taɓa ilektiron ɗin. Ko mai gwajin ya kulle ɗakin ya tafi gida ya kwanta, sakamakon ba ya canzawa. Gaskiya ne Eugene Wigner ya taɓa cewa a 1961 wataƙila hankalin ɗan Adam na da hannu a ciki, amma daga baya da kansa ya janye.

Haka batun ƙwayoyi biyu masu ɗaure da juna komai nisansu. Wannan tabbas ne, a kansa Aspect da Clauser da Zeilinger suka sami kyautar Nobel a 2022. Amma ba a iya aika saƙo ta wannan hanya, balle a karanta zuciyar wani. Su kansu Sinawa, da suka harba tauraron ɗan Adam na gwajin kwantum a 2016, ba sunan Laozi suka sa masa ba, sai na Mozi, malamin da almajiransa suka rubuta yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa ya juyar da hoto.

Don haka mai karatu, idan wani ya zo maka da sarƙa ko na'urar duba lafiya yana cewa ta kwantum ce, ko ya ce tunani kaɗai zai warkar da kai, ka riƙe kuɗinka, ka je asibiti.