Teburin Karatu a Ɗakin Kwanan Ɗalibai: Bincike Kafin Ƙira

1.0 Gabatarwa

A mafi yawan jami'o'i, ɗakin kwanan ɗalibi yakan ƙunshi gado da kabad da tebur da kujera. Waɗanda suka tsara ɗakin sun ɗauka cewa a kan gado ake barci, a kan tebur kuma ake karatu. Amma wanda ya leƙa irin waɗannan ɗakuna yakan tarar da teburin cike da kwanuka da tufafi, mai ɗakin kuwa yana kishingiɗe a gado da littafi a hannu. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda masu ƙira suke fara binciken masu amfani da tebur kafin su zana shi, tare da misalai daga ƙasar Amurka.

2.0 Abin da aka gano a Kalifoniya

A shekarun 1960 jami'o'in Amurka sun gina manyan gidajen kwanan ɗalibai cikin gaggawa, saboda yawan ɗalibai ya ƙaru ƙwarai. A shekarar 1967 wasu masana tsarin gini biyu, Sim Van der Ryn da Murray Silverstein, suka wallafa binciken da suka yi a kan irin waɗannan gidaje a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Sun shiga gidajen sun lura da zaman ɗalibai, sun yi hira da su, sun kuma raba masu takardun tambayoyi. Binciken ya nuna cewa ginin da ya gamsar da hukuma bai gamsar da mazauna cikinsa ba. Ɗalibai sun koka da hayaniya, da rashin wurin kaɗaicewa a ɗakin mutum biyu, da kuma ƙarancin damar gyara ɗakin yadda suke so.

A shekarar 1968 kuma Robert Gifford da Robert Sommer, wanda masanin halayyar ɗan Adam ne a reshen jami'ar da ke Davis, suka kwatanta ɗaliban da suke karatu a kan tebur da masu karatu a kan gado. Ba su sami wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin makin ɓangarorin biyu. Wannan sakamako bai ce gado ya fi tebur ba. Abin da ya nuna shi ne, karatu ba iri ɗaya ba ne: karanta littafi yana yiwuwa a kishingiɗe, amma rubutu da zane da lissafi suna bukatar shimfiɗaɗɗen wuri mai ƙwari. Saboda haka tambayar farko ga mai ƙira ita ce: wane aiki ɗalibi yake yi a kan teburin?

3.0 Hanyoyin binciken masu amfani

Hanya ta farko ita ce lura. Mai bincike yakan shiga ɗaki da izinin masu shi, ya duba abin da aka ɗora a kan tebur, da inda aka ja shi, da abin da aka ƙara masa. Idan ɗalibai da yawa sun sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun tebur, alama ce cewa ya yi masu gajarta.

Hanya ta biyu ita ce hira da takardar tambayoyi. Amfaninta shi ne jin dalili daga bakin mai shi, amma tana da rauni, domin mutum yakan faɗi abin da ya kamata ya yi a maimakon abin da yake yi. Shi ya sa ake haɗa ta da lura.

Hanya ta uku ita ce gwajin samfuri. Kafinta yakan haɗa tebur ɗaya ko biyu da katako mai araha, a ba ɗalibai su yi aiki da shi na wasu makonni, sannan a gyara kurakuransa kafin a yi odar ɗaruruwa. Gyaran samfuri guda ya fi sauƙi a kan sauya teburan gida duka.

4.0 Awon jiki da matsalar matsakaicin mutum

Bayan sanin aikin da za a yi da tebur, sai awon jikin mai zama. A nan ma akwai darasi daga Amurka. A shekarar 1952 Gilbert Daniels ya fitar da nazarin awon jikin ma'aikatan jiragen rundunar sojan sama su 4,063. Ya zaɓi awo 10, kamar tsawo da kewayen ƙirji, ya nemi wanda yake matsakaici a dukkansu. Ko mutum ɗaya bai samu ba. Ke nan abin da aka ƙera don matsakaicin mutum ba lalle ne ya dace da kowa ba.

Don haka masu ƙira sukan yi ƙoƙarin gamsar da kashi 90 cikin 100 na masu amfani, ban da kashi 5 mafiya ƙanƙanta da kashi 5 mafiya girma. Ƙa'idar ita ce, sararin da ke ƙarƙashin tebur a auna shi da dogon mutum don gwiwarsa ta shiga, nisan kanta kuwa a auna shi da gajere don hannunsa ya kai. Ana fara awo daga kujera: tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, saman tebur kuma ya zo kusa da gwiwar hannu. Teburan kasuwa galibi tsayinsu tsakanin santimita 72 ne da 76, wanda yakan yi wa gajeru yawa, sai su riƙa ɗaga kafaɗa har wuya ya yi ciwo. Maganin wannan shi ne kujera mai hawa da sauka tare da matakin ƙafa, ko kuma a samar da tebura masu tsayi daban-daban. Tun da jikin al'ummomi ya bambanta, ya fi dacewa kowace jami'a ta auna nata ɗaliban.

5.0 Haske da wurin ajiya

Tebur ba ya aiki shi kaɗai. Mai rubutu da hannun dama yana bukatar haske ya fito masa daga hagu don inuwar hannunsa kada ta rufe rubutun, bahago kuma daga dama. Da yake kimanin mutum 1 cikin 10 bahago ne, fitilar da ake iya matsarwa ta fi wadda aka kafe. A ɗakin mutum biyu, ya kamata fitilar ta haska tebur kawai, don wanda yake barci ya huta. Kwamfutar cinya da wayar salula su ma sun kawo bukatar soket kusa da tebur, da aljihun tebur mai makulli.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ƙirar teburin ɗalibi tana bin matakai: a lura da yadda yake karatu, a tambaye shi, a auna jikinsa, a gwada samfuri, sannan a ƙera. Jami'ar da ta tsallake waɗannan matakai takan kashe kuɗi a kan kayan da za su shafe shekaru a ɗakuna ba a amfana da su ba, ɗalibai kuwa su ci gaba da karatu a kan gado ko tabarma. Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka shi ya cancanci a fara tambaya.