Nunin Littattafan Hannu a Jami'a: Misali Daga Gidan Arewa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wata matsala da ke fuskantar gidajen tarihi na jami'o'i, wato yadda za a nuna wa jama'a kayan tarihi ba tare da sun lalace ba. Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a harabar gidan marigayi Sardaunan Sakkwato, yake kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ya isa misali. A can ana adana takardun mulki da hotuna da littattafan Larabci da na ajami.

Galibin irin waɗannan littattafai ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne cikin gafaka. Idan aka baje su, haske yakan sa tawada ta koɗe, bushewar hunturu ta karya takarda, danshin damina kuma ya jawo fumfuna. In kuwa aka kulle su, ɗalibi bai amfana ba.

Saboda haka ya kamata a riƙa nuna warƙa ɗaya ko biyu cikin akwatin gilashi, ana sauyawa, sauran kuwa a nuna hotunansu. Sannan a rubuta bayani da Hausa, boko da ajami, domin malamin zaure ma ya gane gadonsa.