Gyaran motar da aka sauya wa tsari

Motar da aka sauya wa tsari ita ce wadda aka canza wani muhimmin sashe nata daga yadda kamfani ya ƙera ta, kamar injin, sitiyari, wayarin ko irin man da take sha. A Najeriya galibin irin waɗannan motoci na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano. Gyaransu ya bambanta da na sauran motoci domin littafin da kamfani ya fitar bai ƙara dacewa da duk abin da ke jikinsu ba. Saboda haka kafin bakanike ya taɓa motar, dole ne ya san abin da aka canza mata.

Ire-iren sauyi

Juya sitiyari: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi a watan Afrilun 1972. Motocin da aka ƙera domin Ingila ko Japan suna zuwa da sitiyari a dama, sai a mayar da shi hagu. Aikin ya haɗa da ɗauke birki, totur, dashbod da wayoyi zuwa ɗaya ɓangaren.

Sauya injin: idan injin asali ya buga, akan sa wani na hannu, wani lokaci na wata shekara ko na wani samfuri daban.

Mayar da mota mai amfani da iskar gas: wannan ya yawaita bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da kuma shirin CNG da gwamnatin tarayya ta kafa a wannan shekarar. Ana ɗora wa motar tukunyar gas, yawanci a cikin but, sai ta riƙa aiki da gas da fetur.

Ƙananan sauye-sauye: wasu kanikawa sukan cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin injin, su haɗa fanka kai tsaye. Hakan na sa injin ya daɗe bai kai zafin da ya kamata ba, kuma ya ƙara shan mai.

Matsalar kayan gyara

Galibin motocin zamani suna da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, tsarin da aka daidaita tun 1981, kuma da ita ake gane kayan da suka dace da motar. Amma lambar tana bayyana motar ne yadda ta fito daga kamfani. Idan an sauya injin, fulogi ko bel ɗin da aka saya da lambar shasi na iya ƙin shiga, don haka lambar da ke jikin injin ita ce abin dogaro. Shi ya sa masu zuwa kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas sukan tafi da tsohon ƙarfen a hannu domin a gwada.

Haka abin yake wajen binciken kwamfuta. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da mahaɗar OBD-II, inda ake jona na'urar gano matsala. Idan ƙwaƙwalwar motar ba ta injin da ke ciki ba ce, ko an yanke wayoyi an haɗa barkatai, na'urar kan nuna laifin da babu shi, mai mota ya yi ta sayen kayan da ba su lalace ba.

Wuraren haɗari

A motar da aka juya wa sitiyari, abin dubawa na farko shi ne sandar sitiyari da bututun man birki. Sandar da aka yanke aka yi wa walda tana iya karyewa ana cikin gudu. Fitilun gaba ma suna buƙatar canji, domin na asali suna karkata haskensu zuwa hagu, wato idon direban da ke tahowa.

A motar CNG kuwa, ana matse iskar har kimanin bar 200, yayin da matsin tukunyar gas ɗin girki bai kai bar 20 ba. Don haka ba a amfani da tukunyar girki a mota, kuma ba a yi wa ta CNG walda. A watan Oktoban 2024 wata mota ta fashe a wani gidan sayar da CNG a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata, kuma hukumomi sun danganta lamarin da tukunyar da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba.

Kulawa ta yau da kullum

Ana juyen baƙin mai bisa ƙa'idar injin da ke cikin motar, ba wanda aka cire ba. Mota mai gas tana buƙatar a riƙa duba fulogi, bawul da mahaɗar bututu saboda yoyo, a kuma lura da ranar ƙarewar wa'adin da aka rubuta a jikin tukunya. Ba a barin tankin fetur ya bushe, domin famfon mai na iya ƙonewa.

Ana raba aikin ga masu shi: injin ga bakanike, wayoyi ga mai wayarin, gas ga cibiyar da hukuma ta amince da ita. Yana da kyau mai mota ya ajiye takardar da ke ɗauke da kowane sauyi, ranar da aka yi shi da lambar kayan da aka sa. Wannan takarda ita ce ke maye gurbin littafin kamfani, kuma ita ce mai saye na gaba zai dogara da ita.