Wane Turancin Kake Ji?

A shekarar 1909 ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, gidansa kuma na nan har yau. Da Hausa aka fara karatu a can, Turancin da ya biyo baya kuwa na Ingila ne. Wanda ake ji yanzu a ofisoshi da makarantun Nassarawa GRA ya sha ruwan Kano, ya kuma cuɗanya da na finafinan Amurka. Saboda haka mai son fahimtar salon maganar Turanci sai ya bi a sannu.

Da farko, kada ka bi kalma-kalma. Idan mutumin Ostireliya ya ce yana "flat out like a lizard drinking", ba zancen ƙadangare da shan ruwa yake ba. Nufinsa aiki ya sha masa kai.

Sai ka tambayi kanka daga ina mai maganar ya fito, domin nan ne aka fi tuntuɓe. A majalisar Ingila, idan aka ce za a "table" wani batu, an kawo shi gaba ke nan a tattauna. A Amurka kuwa, an jingine shi. Churchill ya ba da labarin yadda wannan kalma ta haddasa gardama tsakanin hafsoshin ƙasashen biyu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, alhali abu ɗaya suke so. Namu ma haka yake. Ɗan Nijeriya in ya ce matarsa ta "put to bed", albishir yake yi cewa ta sauka lafiya. Baturen Landan kuwa, da waɗannan kalmomi yana nufin kwantar da yaro ya yi barci, sai ya tsaya yana jiran a faɗa masa wa aka kwantar.

Daga nan ka leƙa ƙarƙashin Turancin, sau da yawa harshenmu za ka tarar a kwance. Masinja ya ce "I am coming" yana ficewa daga ofis: "ina zuwa" ce tsaf. Ka wuce leburori suna kwaɓa siminti ka ce musu "well done": "sannu da aiki" ka yi, gaisuwa ce. A Ingila yabo ne da ake yi bayan an kammala. Akwai kuma "K-leg", wato gwame, da ake faɗa wa al'amarin da ya samu tangarɗa. Obasanjo ya ƙara masa farin jini gab da zaɓen 2007, da ya siffanta takarar Rotimi Amaechi da shi.

Wasu malamai na ɗaukar irin waɗannan duka kuskure ne. Ban yarda ba. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da salon magana 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da "put to bed", "K-leg" da "Kannywood", daga baya kuma "suya" ta bi sahu. Sai dai shiga ƙamus ba ya sa baƙo ya gane ka. In wasiƙarka waje za ta, ko jarrabawar IELTS za ka zauna, ajiye salon gida ka faɗi abin da kake nufi kai tsaye.