Likitar da ta bi yaran har girmansu

A cikin kowane jarirai 100 da ake haifa a duniya, kusan ɗaya yakan zo da nakasa a zuciya: wani da huji tsakanin ɗakunan zuciyar, wani da ƙuntatacciyar jijiya, wani kuma jininsa ba ya isa huhu yadda ya kamata, har leɓɓansa su yi shuɗi. A dā, mafi yawan masu nakasa mai tsanani ba sa kai shekarun makaranta. Al'amarin ya fara sauyawa a 1944, lokacin da aka yi wa wata jaririya tiyata a asibitin Johns Hopkins na Amurka, aka buɗa wa jininta sabuwar hanya zuwa huhu. A yau, a ƙasashe masu wadatar asibitoci, kimanin tara cikin goma na irin waɗannan yara suna kai wa girma. Sai dai wannan nasara ta haifar da wata sabuwar tambaya: idan yaron ya girma, wane likita ne zai duba shi?

Wadda ta ɗauki wannan tambaya ta mai da ita aikin rayuwarta ita ce Farfesa Jane Somerville, 'yar ƙasar Ingila. An haife ta a Landan a 1933, ta yi karatun likita a asibitin Guy's a zamanin da mata kaɗan ne a ajin, ta kammala a 1955. Daga nan ta koma Asibitin Zuciya na Ƙasa da ke Landan, ta yi aiki ƙarƙashin shahararren likita Paul Wood. A 1968, da likitan fiɗa Donald Ross ya yi dashen zuciya na farko a Birtaniya, ita ce likitar da ke kula da majinyacin.

A wannan asibiti ne ta lura da halin da matasan da aka yi wa tiyata suna ƙanana suke ciki. Sun wuce gadon ɗakin yara, likitan yara kuma bai saba da matsalolin aure, juna biyu da neman abinci ba. Likitan manya kuwa ya saba da hawan jini da toshewar jijiyoyi, bai taɓa ganin zuciyar da aka sauya wa tsari da ɗinki da faci ba. Sai suka zama kamar jemage, ba su ga tsuntsu ba su ga dabba. Saboda haka a 1975 ta buɗe ɗaki na musamman domin yara da matasa masu wannan lalura. A 1980 ta shirya taron duniya na farko na likitocin zuciyar yara a Landan. Ita ce kuma ta yaɗa laƙabin GUCH, wato taƙaicen kalmomin Turanci masu nufin manyan da aka haifa da ciwon zuciya. A farkon shekarun 1990 ta kafa ƙungiyar majinyata, wadda daga baya aka raɗa wa sunanta.

Darasin da ta dage a kai shi ne, tiyata gyara ce, sau da yawa ba warkewa ta har abada ba ce. Tabon ɗinki yana iya rikita bugun zuciya bayan shekara 20 ko 30. Ƙofar jini da aka faɗaɗa a ƙuruciya tana iya fara yoyo, zuciya ta riƙa kumbura a hankali ba tare da mutum ya ji ciwo ba. Bututun da aka sa wa yaro ba ya girma tare da shi, wata rana sai an sauya shi. Duk waɗannan ana iya gano su da wuri ta hanyar hoton zuciya, muddin mutum bai daina zuwa asibiti ba.

Wannan magana ta shafi gidajenmu kai tsaye. Tun 1996 ƙungiyar Mécénat Chirurgie Cardiaque, wadda likitar fiɗa Francine Leca ta kafa, take kai yaran Afirka Faransa domin tiyata. An buɗe cibiyar Salam a Khartum a 2007, da ta Shisong a Kamaru a 2009. Yaran da aka fara yi wa aiki sun zama magidanta da matan aure, kuma da yawa iyayensu sun ɗauka magana ta ƙare tun ranar da aka sallame su.

Don haka ga abin da ya kamata iyali su kiyaye. A adana takardun tiyata kamar takardar gida, domin su ne za su gaya wa sabon likita abin da aka yi. A riƙa ganin likitan zuciya a kai a kai ko da lafiya lau ake ji. A kula da tsabtar haƙora, domin ƙwayoyin cuta na baki suna iya bin jini su zauna a zuciya. Mace kuwa ta nemi shawarar likita kafin ta ɗauki ciki: da yawa suna haihuwa lafiya, amma ga mai hawan jinin huhu mai tsanani ciki yana iya zama ajali, kuma maganin tsinka jini na warfarin yana iya cutar da ɗan tayi. Haki, kumburin ƙafa, faɗuwar gaba ko suma alamu ne da ba a jira da su.

Haka kuma bai dace a ɓoye wa saurayi ko budurwa tarihin zuciyarsu don gudun kada su rasa abokin aure ba. Wanda ya san ciwonsa shi ne zai iya kai kansa asibiti ranar da iyaye ba sa nan. Allah ya ƙara mana lafiya.